Musayar waƙa: daga garmaho zuwa kaset, wa ka ceton muryar magabata?

Ɗan Kanwuri:
Bismillah na buɗe fage, ku taho mu ƙirga shekara,
1877 Edison yaƙ ƙera na'ura mai kama ƙara,
1977 anka yi bikin al'adu na FESTAC a Ikko, ɗari cif ba saura,
2027 na tafe, wa ad da baiti shi jera?

Inna ta Mabera:
Ƙanena, ka ƙirgo na Amurka ka bar na gida baya,
Ɗanƙwairo yat tafi 1991, kotso ya zama maraya,
Shata 1999, kalangu ya saki tsarkiya,
2015 mai kuntigi na Jos ya bar duniya,
Muryarsu na cikin kaset, wa ka ceto ta, ɗiya?

Baban Rikoda, Runjin Sambo:
Inna kin taɓa inda ka ciwo, ga magani a ji shi,
Kaset na Philips ne, 1963 anka fito da shi,
Santimita 4.76 a daƙiƙa, shi ne gudun zaren shi,
In bel ya saki, murya ta ja, kiɗi shi bar karin shi,
Auduga da sifirit a goge kan rikoda, datti ka dushe shi,
Tsohon kaset, kamin a kunna, a kai ƙarshe a maido shi,
Kaset C60 minti 30 ko wane gefe, C120 siriri ne, bi sannu da shi.

Malamin Aruli:
Baba, ilminka ya kai, amma waƙarka ta gurgunce,
"Shi" bakwai a jere, amsa-amo ya lalace,
Alif da ɗari tara da sittin da ukku, gaɓa 13 ce,
Ta cinye ɗango guda, kari duk ya karkace,
Magabata ramzi, shekara cikin haruffa, suka sawa ƙarshen waƙa a rubuce.

Baƙon Arkilla:
Allah shi ƙara basira, Malam! Haka aka waƙa. 'Yan Runjin Sambo a koma gyaran rediyo.

Ɗan Kanwuri:
A'a Yaya, a yi adalci. Duk mai tsohon kaset a akwati baitin Baba zai bi, ba awon gaɓa ba.

Baban Rikoda, Runjin Sambo:
Malam mai awon gaɓa, zo ɗaura zare in ya tsinke,
Faifan garmaho mai juyi 78 a minti, da sifirit ba a wanke,
Ƙaron shalak ne, sifirit na cin shi, tsagin murya shi narke,
Allurar ƙarfe gefe guda taka yi, a cire ta a sake,
Faifan kamfanin Columbia na 1948, juyi 33 da sulusi yake,
Tsaginshi siriri ne, allurarshi daban take,
Zafin Afrilu na lanƙwasa shi, a jera a inuwa a miƙe.

Malamin Aruli:
"Ke" shidda sannan "ƙe"? Harafi biyu ne, Baba, kunne na ji.

Baƙon Arkilla:
An kama shi!

Inna ta Mabera:
Na daɗe ban leƙo ba, na iske kun bar hanya tata,
Ku aje faɗan kari, a kai muryar ga kwamfuta,
A tsarin sauti na WAV za a ɗauka, kilohaz 44.1 ko sama, kar a matse ta,
MP3 na zubar da sauti, ba a iya maido ta,
Kwafi 3 a wuri 2, sunan mawaƙi a rubuta,
Kaset ko nesa da lasifika, maganaɗisu ka shafe ta.

Gobarau na Gawon Nama:
Inna, da girmanki, akwai wanda kunka tsallake,
Narambaɗa na Isa, mai kotso, ina yake?
Mawaƙin Sarkin Gobir Amadu, Bakandamiya tai take,
Da Jankiɗi mai taushin Sarkin Musulmi, su a fara ɗauke.

Malamin Aruli:
Wanga ɗan Gobir ya iya "ke". Baba, a duba baiti nai, a gyara ɗango na bakwai, sannan mu koma ga Jankiɗi.