Injin yankan ciyawata yana mutuwa da zarar ya ɗau zafi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin kan inji ku taimaka min, abin nan ya ishe ni.

Injin na fetur ne, na turawa. Ja ɗaya yake tashi, amma da ya yi minti 10 zuwa 15 sai ya fara tari, ƙararsa ta riƙa hawa tana sauka, daga nan ya mutu. Ba ya sake tashi sai ya huce.

Na sauya fulogi, na wanke matatar iska, na zubar da tsohon fetur, na kwance kafireta na wanke. Baƙin mai yana daidai ma'auni, na kuma kankare ɗanyar ciyawar da ta daskare a ƙarƙashin wuƙa.

Jiya da ya mutu na sassauta murfin tanki, sai na ji iska ta shiga fuu. Shi ya sa nake zargin ƙofar iskar murfin ce ta toshe, fetur ya kasa gangarowa. Amma wani ya ce kwayil ne, wai in ya yi zafi yana daina ba da wuta. Ta yaya zan bambance kafin in sayi abin da ba shi ne matsalar ba?

Sannan in zan ajiye shi wata biyu ko uku, in tsiyaye fetur ɗin gaba ɗaya ne?