Karent nawa ya kamata a bar wa shant a wutar DAC?

Ɗan Rediyo:
Assalamu alaikum malamai. Ina haɗa DAC, wato allon da ke mayar da sautin dijital zuwa na analog, zan ba shi bolt 5 daga regileta irin ta shant (mai riƙe bolt tsayayye ta hanyar shanye rarar karent), IC mai suna LM317 ne ke riƙe karent ɗin CCS, wato sashen da ke turo karent tsayayye. Bayan gadar dayod (mai mayar da AC zuwa DC) da kafasita akwai bolt 11. Allon yana shan mA 220 in saurin samfurin sauti 44.1 kHz ne, mA 260 a 192 kHz. Nawa zan saita CCS, kuma nawa ya kamata ya rage wa shant?

Mai Awon Mita:
Wa alaikumus salam. Ka kyauta da ka auna a wuri biyu. CCS yana turo karent ɗaya tsayayye, allo ya ɗibi nasa, abin da ya saura shant ya shanye. In ba abin da ya saura, shant ya saki, bolt 5 ɗin ya sauka, sai ka ji sauti yana yankewa ko DAC ya daina kama sigina. Don haka da babban adadin za ka yi lissafi: 260, ka ɗora 60, CCS ya zama mA 320. A LM317 bolt 1.25 da yake riƙewa a kan rizistarsa ake rabawa da karent ɗin da ake so (amp 0.32), wato rizista om 3.9. Wat 0.4 za ta ci, ka sa mai wat 1.

Kada ka fara da DAC a jone. Sa rizista om 20 mai wat 5 a madadinsa, za ta ja mA 250. Ka kunna, ka auna kan om 3.9 ɗin ka ga bolt 1.25, sannan ka daidaita fita zuwa bolt 5. Bar shi minti 20 ya ɗumama, ka sake aunawa kafin ka jona allo.

Injiniya Mai Soda:
Na yarda da lissafin Malam, sai dai zafi ne ke kashe irin wannan aiki. Ranar da waya ta zare ko aka cire allo, duk mA 320 ɗin kan tiransistar shant zai bi: wat 1.6 ke nan, alhali da kaya a jone wat 0.3 zuwa 0.5 take ɗauka. Tiransista mai jikin TO-220 ba ƙarfen sanyaya yana hawa sama da digiri 50 a kowane wat, ka ga ba zai yi ba. Ka zaɓi ƙarfen bisa wat 1.6, mai digiri 15 a wat ko ƙasa da haka. Shi ma LM317 wajen wat 1.5 yake ƙonawa kullum. Kuma bayansa a jone yake da ƙafar fita, in zai haɗa ƙarfe ɗaya da tiransistar sai ka sa maika (siririn fallen da ba ya wuce da wuta) tsakaninsa da ƙarfen.

Ɗan Rediyo:
Na gode ƙwarai. Idan na kai shant mA 150, sautin ba zai fi kyau ba?

Mai Awon Mita:
Ƙarin karent yana rage wa tiransistar turjiya, amma ribar raguwa take yi, zafi da nauyin tiransifoma kuwa hawa suke kai tsaye. Kuma kaɗawar wuta a kafasita, wato hawa da saukar bolt, tana ƙaruwa. LM317 da rizistarsa suna son kamar bolt 4 a kan abin da ke fita, to ka duba ƙasan kaɗawar da sikof (na'urar da ke nuna zanen wuta a fuskarta), kada ya sauka ƙasa da bolt 9. In ya sauka, ƙugin layin wuta zai ratso har cikin sauti. Ni a mA 60 zan tsaya, na gajarta wayoyin da ke tsakanin regileta da allo.