Shawarwari ga mai rubuta wa matasa labarin banshi

Wasu marubuta sun tattauna yadda za a rubuta wa matasa labarin soyayya da cinikin kurwa a kan banshi, wata aljana a almarar Ailan. Abin da suka fi nanatawa a tattaunawar shi ne kada a mai da banshi makashiya. A almarar Ailan aikinta kuka ne kawai, tana sanar da tsofaffin zuri'o'i, masu sunan da ya fara da O' ko Mac, cewa wani nasu zai rasu. Soyayyar ma nan take da daɗi: budurwa banshi ta ji kukan ya taso mata a kan saurayinta, ga shi ba ta iya haɗiye shi.

Kan cinikin kurwa kuwa, irin na Faust da ya sayar wa Shaiɗan kurwarsa a almarar Jamus, an ce a fayyace sharuɗɗa tun farko. Wasu sun so a bar wa masoyan kafar tsira. Ni dai ina tare da masu cewa wanda ya sayar ya biya.