Sayen eka ɗaya a Ibeju-Lekki ko Epe don gida da 'yar gona

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum. Ina neman eka ɗaya a Ibeju-Lekki ko Epe a Jihar Legas, in gina gida, in shuka rogo da ayaba, in ajiye awaki da kaji. Dillalai sai cewa suke "eksishan yana kan hanya", kuma farashin da sauƙi. Me ake dubawa kafin a biya?

Mai Awon Ƙasa:
Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka saki ko kwabo sai ka kai safiyonka, wato mai awon ƙasa, ba na mai sayarwa ba. Ya ɗauki lambobin kusurwoyin filin da na'ura, a kai ofishin Babban Safiyon Jihar Legas da ke Alausa a ɗora su kan taswirar gwamnati. Amsar ɗaya ce cikin uku: filin ba shi da wani nauyi a kansa, ko yana cikin ƙasar da gwamnati ta karɓe gaba ɗaya amma ba ta sa masa aiki ba tukuna, ko kuwa an riga an keɓe shi don titi, rukunin gidaje ko masana'anta. Na ukun nan ko kyauta aka ba ka, ka gode ka wuce.

Eksishan shi ne gwamnati ta yanko wa ƙauye wani yanki daga ƙasar da ta karɓe, ta buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. "Yana kan hanya" kuwa ma'anarsa babu shi. Ƙauye yana iya neman hekta da yawa a saki masa kaɗan, naka filin ya faɗo a waje. Idan sun ce akwai gazet, safiyo ya tabbatar lambobin filinka suna cikin iyakar da aka buga, don sunan ƙauyen kaɗai bai wadatar ba. Akwai kuma masu kai mutum fili mai tsabta a auna, ranar rabo a nuna masa wani. Maganinsu shi ne lambobin da ke jikin turakun siminti su yi daidai da na takardar safiyo.

Dalilin wannan tsauri a fili yake: matatar Dangote, tashar jiragen ruwa ta Lekki da aka buɗe a 2023, da titin gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024, wanda ya ci gine-ginen mutane. Sannan fulotin Legas ƙafa 60 da 120 ne, ba 50 da 100 na Arewa ba. Eka murabba'in mita 4,047 ce, amma ka nemi a rubuta adadin mita a takarda, don wasu fulotan nasu mita 500 ne kacal.

Barista Mile 12:
Ƙari kan bayanin Mai Awon Ƙasa. Yawancin filayen can na dangi ne. Dole shugaban dangi ya sa hannu tare da manyan gidan. Idan 'yan gida suka sayar ba tare da shi ba, cinikin banza ne tun farko. Idan shi kaɗai ya sayar da sunan dangi, sauran suna iya zuwa kotu su rushe. Ka biya ta banki zuwa sunan da ke cikin takardar ciniki, lauya ya bincika rajistar filaye da kotu ko akwai shari'a a kai.

Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Saboda haka idan filin yana da C of O, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, sai ka nemi amincewar gwamna kafin mallakar ta dawo kanka. In gwamnati ta karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar ta gini da shuka ce, ba ta kuɗin da ka ba dillali ba. Masu ƙasa da ake kira omo onile za su zo neman kuɗin harsashi da na rufi. Dokar Legas ta 2016 ta hana wannan, amma ya fi sauƙi a rubuta cikin yarjejeniya cewa an biya komai. Da ka saya ka kewaye, fili marar katanga ana sayar da shi sau biyu.

Injiniyan Ajah:
Alhaji, takarda na iya zama lafiya ƙasar kuma fadama ce. Ka je a watan Yuni ko Yuli, bayan ruwa mai ƙarfi. Ka sa a haƙa rami mita ɗaya da rabi, ka dawo washegari ka ga inda ruwa ya tsaya. Inda tukurwa ta yi yawa, akwai ruwa a ƙasa. Cikon rabin mita a kan eka ɗaya yana cin yashi wajen kubik mita 2,000, wato sama da tifa 150 mai tan 20, kuɗin da zai iya fin na filin. Wurin gida da hanya kawai ake cikowa, kuma a gwada ƙasa kafin harsashi, don sau da yawa sai an zuba shimfiɗar kankare gaba ɗaya.

Ruwan burtsatse kusa da teku yakan fito da gishiri ko tsatsar ƙarfe mai ɓata tufafi, to ka ɗanɗana na maƙwabta. Ramin masai ba ya tsotsewa a irin wannan ƙasa, a rufe shi da kankare a nesanta shi da rijiya mita 30. Kwanon rufi na yau da kullum iskar teku tana cinye shi da tsatsa, alminiyam ya fi.

Hajiya Mai Kaji:
Idan noma ne a gaba, ni Epe zan ba ka shawara, ɓangaren hanyar Ijebu-Ode, ƙasar ta fi tudu. Yashin Ibeju sai kwakwa da rogo, ayaba kuwa sai da taki mai yawa. Jajayen awakin Sakkwato suna shan wahalar laima, gajerun awakin Kudu sun fi jurewa, kuma a ɗaga musu ɗaki daga ƙasa. Tun 2021 Legas ta hana kiwon sake, don haka ka ware wurin ciyawa cikin ekar.