Aljihunan hanji sun kumbura wa Baba: tumbi ne ya jawo ko zama wuri ɗaya?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina mai shekara 71 ya kwanta makon jiya da ciwon mara ta ɓangaren hagu, ga zazzaɓi, bayan gida kuma ya ƙi fita. Da aka yi hoton CT, likita ta ce dibatikulaitis ne, wato wasu 'yan aljihuna da suka ɓullo a jikin babban hanji, ɗaya ya kumbura. An ba shi magani, yanzu da sauƙi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda ta kalli cikinsa ta ce sai ya rage tumbi, ya riƙa tafiya. Baba da can keke yake hawa zuwa makarantar da yake koyarwa. Tun da ya yi ritaya, daga tabarmar ƙofar gida sai masallacin da ke jikin katangarmu, tsire kuwa kusan kullum da dare. Shi cewa yake tsufa ne kawai. Da gaske ƙiba na da hannu a ciwon hanji?

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Yana da gaskiya ta wani fanni: aljihunan suna zuwa da shekaru, kuma yawancin masu su har su bar duniya ba sa sanin suna da su. Kumburin ne ke da masu tunzura shi. Binciken da aka yi a Amurka kan dubban maza ma'aikatan lafiya ya nuna masu ƙiba, musamman kitsen ciki, sun fi kamuwa, masu motsa jiki sosai kuma sun fi tsira. Yawan jan nama da shan taba su ma suna ciki. Ki auna ƙugunsa da tef ɗin tela. Namiji in ya wuce inci 40, akwai aiki. Sannan ki binciki aljihun rigarsa. Dattawanmu da yawa na shan diclofenac ko ibuprofen na kemis saboda ciwon gwiwa, irin waɗannan kuwa suna ƙara haɗarin kumburin da zubar jini.

Tsohon Malami:
'Yata, ni ma na sha wannan ciwon. Kada ki ce masa "motsa jiki", zai ce kin mai da shi yaro. Ni masallaci na sauya, na koma na bakin kasuwa, minti 15 zuwa, 15 dawowa, Asuba da La'asar. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 take nema a mako, ni na wuce haka ban ma ji ba. Wandunan da na ajiye sun dawo suna shiga.

Ɗan Funtuwa:
A hana shi gyaɗa da aya da gugguru, suna maƙalewa a aljihunan.

Ma'aikaciyar Jinya:
Wannan tsohon zance ne, malam. Wani bincike na 2008 bai ga cewa gyaɗa ko gugguru suna ƙara haɗarin ciwon ba. Harza ma, wato dusar abinci, ake so ya samu. Tun 1971 Denis Burkitt, likitan da ya yi aiki a Uganda, da abokin aikinsa Neil Painter suka danganta ƙarancin cutar a ƙauyukan Afirka da abinci mai dusa. Mu kuma mun bar tuwon dawa mun koma burodi da farar shinkafa. Amma Uwar Biyu, ba yanzu ba: sai ciwon ya lafa, ki fara da kunu da abu mai ruwa-ruwa, daga baya wake, zogale da kuɓewa a hankali, da ruwa isasshe. Ki tambayi likitar batun duba hanji da kyamara bayan mako 6 zuwa 8. In zazzaɓi ya dawo, ko ciki ya ƙage, ko kika ga jini, asibiti a daren.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai. Na duba, akwai diclofenac har kati biyu a ƙarƙashin matashinsa. Baba Malam, dabarar masallacin nan ƙanina zan sa ya raka shi. Tsiren ne ban san ta inda zan ɓullo masa ba, mai tsiren amininsa ne.