Tsuntsu zai saba da nakiya, ko sai an ba shi tazara?

Injiniya: Jama'a, maganar da aka kawo zauren nan a kan ramukan kwal irin na Maiganga a Gombe da Okaba a Kogi, cewa a bar tazara tsakanin wurin haƙa da itatuwan da tsuntsaye ke sheƙa, ban gamsu da ita ba. Tsuntsu yana da fiffike. Balbela tana kwana a bishiyar bakin titi, tireloli na wucewa har asuba. Wadda ta saba da wannan za ta saba da katafila.

Malamin daji: Injiniya, tsuntsu na da fiffike, amma ƙwai ba shi da. Ƙarar da ba ta yankewa, ta janareta ko ta mota, lalle suna sabawa da ita. Nakiya kuwa ba a saba mata. Da an tashe ta uwa kan bar sheƙa a firgice, wani sa'in ta ture ƙwan da ƙafa ya faɗo. Ƙwai na son ɗumin digiri 37 zuwa 38, alhali a Sakkwato cikin Afrilu ko a inuwa zafi kan wuce 40. Ke nan uwar da ka gani bisa sheƙa da rana, baki buɗe tana haki, inuwa take yi mishi. In anka kore ta, rana ta kashe ɗan da ke ciki, in ma hankaka bai riga ta ba.

Malama: Mu nan ba kwal muke haƙa ba, dutsen siminti ake fasawa a Kalambaina kusa da Sakkwato, amma buɗaɗɗen rami duk aikinsa ɗaya ne: sharar daji, nakiya, manyan motoci. Kafin katafila ta shiga, a zaga filin da asuba da kuma gab da magariba, lokacin fita da dawowar tsuntsaye. Bishiyar kwana ba ta ɓuya, ƙasanta fari fat da kashi. A shafa mata fenti, a kafa turaku mita 200 zuwa 300 kewaye in mazaunin garke ne. Fitilun dare a sa musu hula su kalli ƙasa. Saran itace kuma a yi shi da rani, domin shamuwa tana isowa wajen Afrilu zuwa Mayu, ta yi kwanci kamar kwana 30, 'ya'yan su yi kusan wata biyu kafin su tashi.

Likitan dabbobi: Malama, a nan na rabu da ke. Rani ya tsirar da shamuwa da balbela, amma shi ne lokacin ungulu. Ƙwai ɗaya tak take yi, ta kwanta a kansa kusan kwana 50, ɗan kuma ya haura wata uku a sheƙa. Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ungulun nan tamu ta mahauta cikin masu gab da ƙarewa. Sare doguwar bishiya ɗaya a Janairu asarar shekara guda ce gare ta. Babu watan da za a ce an huta da dubawa, kowace bishiya sai an ɗaga kai. Sannan kwal yana da wata illa da dutsen siminti ba shi da ita: akwai ma'adinin ƙarfe da farar wuta a jikinsa, wanda in ya haɗu da iska da ruwan sama yake zama asid. Ruwan ramin ya koma ja, kifi da kwaɗi su mutu a rafin da ya gangara, zalɓe ya rasa abinci ko da sheƙarsa na nan lafiya. Dole a tare ruwan a tafki a zuba masa farar ƙasa kafin a sake shi.

Injiniya: Hular fitila da farar ƙasa ba su da tsada, na yarda. Ƙarar nakiya ma muna iya rage ta: a cika bakin kowane ramin nakiya da tsakuwa sosai, a tashe su bi da bi da ɗan jinkiri maimakon gaba ɗaya. Amma asuba da magariba kun ce lokacin fita da dawowar tsuntsaye ne, Malam kuma ya hana tsakar rana. Yaushe za a yi aiki?

Malamin daji: Da hantsi, Yallaɓai, ƙarfe tara zuwa goma. Masu kwana sun fita kiwo, rana ba ta yi ƙarfi ba, uwar da ta tashi tana iya dawowa kafin ƙwai ya lalace. Kuma ƙasar da kunka kwashe daga saman rami, ku tara ta tudu tsakaninku da iccen. Ganin mutum a ƙasa ya fi ƙarar mota tada tsuntsu, tudun na tare duka biyun.

Injiniya: Tudu na karɓa, dama sai mun nemi inda za mu zuba ƙasar. Mita 300 ce har yanzu ban karɓa ba. Da'irar da ke da wannan faɗin kowane ɓangare ta haura hekta 28, saboda bishiya ɗaya.

Malama: Ba ta dindindin ba ce, Injiniya. Ga shamuwa da balbela wata huɗu ne zuwa biyar, 'ya'ya na tashi a matso da turakun, a bar bishiyar kawai da abin da ke kusa da ita. Dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta bincike kafin a buɗe babban rami, to a nan ya kamata a sa taswirar itatuwan, a tsara ta wane gefe za a fara haƙa. In an bari sai katafila ta iso gindin bishiya, direba ba zai tsaya ba.