Likita ya ce ƙodar Baba ta fara rauni, shi kuwa ya ce garau yake

Maman Ilham, Gangare:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina direba ne, Jos zuwa Abuja, shekararsa 58. Yana da hawan jini, amma sai kansa ya sara yake tunawa da magani. Makon jiya aka ɗibi jininsa a JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, takarda ta nuna eGFR 48, wato lambar da ke nuna ƙarfin aikin ƙoda. Likita ya ce a maimaita gwajin bayan wata 3. Baba ya ce shi da yake fitsarinsa lafiya lau, ciwon me? Gwaggo kuma ta aiko da jiƙon wanke ƙoda. Jiran wata 3 ɗin nan ba sakaci ba ne?

Anti Nas, Bukur:
Wa alaikumus salam. Ba sakaci ba ne, ƙanwata. Ba a cewa ciwon ƙoda ya zauna sai lambar ta wuce wata 3 tana ƙasa da 60, don zazzaɓi ko ƙarancin ruwa ma kan sauke ta ta dawo. In ta tsaya a 48, mataki na 3 ke nan cikin 5. Wankin ƙoda da na'ura a asibiti sai an gangara ƙasa da 15 ake maganarsa. Fitsari lafiya lau ba hujja ba ne, kumburin ƙafa da amai can gaba suke zuwa. Ki tambaya ko an duba furotin a fitsarinsa, da suga. Maganin hawan jini kuwa kullum ne, kai ya sara ko bai sara ba. Me yake sha in baya ya riƙe?

Maman Ilham:
Haɗin kemis, Anti, kusan kowane dare.

Anti Nas:
To, ga ɓarawon. Haɗin nan da wuya a rasa diclofenac ko ibuprofen a ciki, kuma suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Ya ajiye su yau. Ki ɗauki ledar ki kai wa likita ya gani.

Kawu Direba, Farin Gada:
'Yata, jiƙon nan a yi wa Gwaggo godiya a tura shi ƙarƙashin gado. Yayana sai da ya sha jarka biyu, ƙarshe wanki sau 3 a mako, har filinsa muka sayar. Ki turo min Alhaji tasha, mu direbobi mun fi jin maganar juna.

Uwar Biyu, Rikkos:
A rage gishiri da dunƙule, duka na yini kada ya kai ƙaramin cokali. Amma kar a hana shi dankali da ayaba sai likita ya ce.

Maman Ilham:
Na gode. Kawu, gobe da asuba yana lodi, zan ce ya neme ka.